Yadda murya da hoto suka hau hanya ɗaya

Ƴan uwana ɗalibai, duk wanda ya tashi a gidan da ake da ɗan ci-rani ya san zancen kaset. Mutum yana Abijan ko Libiya, sai ya ɗauki muryarsa, ya ba direba ko wani mai komowa gida, a taru a tsakar gida a saurara. A wancan lokaci kowane saƙo da hanyarsa. Wasiƙa sai gidan waya, murya sai talho, labarai sai radiyo, hoto mai motsi sai tele. Yau ga su duka cikin salula ɗaya, kuma ta rezo ɗaya suke bi. To yaya aka yi haka?

Tun daga talhon Graham Bell na 1876, tsarin guda ne: in ka kira mutum, ana keɓe muku layi ku biyu har ku gama. Ko kun yi shiru layin naku ne, ba mai shiga. Shi ya sa ake biya da minti, kuma kiran nesa ya fi tsada.

A shekarun 1960 Paul Baran a Amurka da Donald Davies a Ingila, kowa a gefensa, suka kawo wata dabara. A yayyanka saƙo ƙanana-ƙanana, kowane yanki a rubuta masa adireshi, a sake shi ya bi hanyar da ta samu. Kamar dai ka raba buhunan albasa a motoci daban-daban daga Galmi, a tattara su a Yamai. A kan wannan aka gina ARPANET a 1969, kakar intanet ke nan.

Amma an yi ta don kwamfutoci ne, murya kuwa ba ta da haƙuri. Rubutu in ya makara ba laifi. Murya in ta yi jinkirin rabin daƙiƙa, sai ku riƙa katse wa juna magana. An gwada tura murya ta ARPANET tun 1974, sai dai an ɗauki wajen shekara ashirin kafin abin ya iso hannun jama'a. A 1995 kamfanin VocalTec na Isra'ila ya fitar da manhajar kira ta intanet. A 1996 aka fito da ƙa'idar RTP, wadda ke sa wa kowane yankin murya ko bidiyo lamba da lokaci, don a jera su daidai in sun isa. A 1999 SIP ta zo, ita ce ke nemo wanda ake kira, ta buɗe hira, ta rufe. Skype ya bayyana a 2003.

Da manyan kamfanonin talho suka ga inda iska ta dosa, su ma suka bi. A 2004 hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta bayyana abin da ta kira rezon zamani mai zuwa: hanya ɗaya ta yankunan saƙo, murya da bidiyo da rubutu duk su zama kaya bisa kanta. WhatsApp ya ƙara saƙon murya a 2013, kira a 2015, kiran bidiyo a 2016.

Mu a Nijar yawancinmu ba mu taɓa ganin talhon gida ba, daga kaset sai salula. Kuma wallahi ribar babba ce. Tsohuwar da ba ta shiga lakol ba tana danna wuri ɗaya ta yi magana, ɗanta ya ji a Aljeriya nan take. Kaset ɗin ne ya dawo, ba direba.

Sai dai hanya ɗaya tana da nata haɗarin. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet na salula wajen kwana goma. Kira na kiredi ya ci gaba saboda yana bin tsohon tsarin, amma saƙon murya da bidiyo da cinikin da ake yi a kansu duk suka tsaya rana ɗaya. Ranar da kira ma ya koma kan intanet gaba ɗaya, kamar yadda tsarin 4G ya tanada, ba sauran ƙofar baya. Kafin ranar ta zo, ya kamata mu san wa ke riƙe da hanyar, da kuma dokar da za ta hana a rufe ta.