Sani Kaita da Jan Katin Bloemfontein

An haifi Sani Kaita a Kano a shekarar 1986, kuma a ƙungiyar Kano Pillars ya yi suna a matsayin ɗan wasan tsakiya. Sau biyu yana kaiwa wasan ƙarshe da Najeriya: a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Holan a 2005, da wasannin Olamfik na Beijin a 2008. Duka biyun Ajantina ce ta yi nasara. Ya buga wa Sparta Rotterdam, sannan ya koma Monaco, wadda ta riƙa ba da shi aro ga ƙungiyoyin Rasha.

Ranar 17 ga Yunin 2010, a gasar Kofin Duniya, Najeriya tana cin Girka ɗaya da nema a birnin Bloemfontein na Afirka ta Kudu, sai Kaita ya kai wa Vasilis Torosidis shuri a bakin fili. Alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati a minti na 33. Girka ta farke, ta ƙara, aka tashi 2-1. Ya nemi gafarar 'yan ƙasa, amma har barazanar kisa aka yi masa. Har yau an fi tunawa da shi da wannan katin fiye da lambobin azurfarsa biyu.