Abin da Madubi Ke Gani a Fatar Tangaran

Shuɗin da ke jikin kwanukan Jun, waɗanda aka gasa a yankin Yuzhou na lardin Henan a ƙasar Sin tun zamanin daular Song (960–1279), ba rini kaɗai ya kawo shi ba. Idan aka sa ɓarɓashin shafen gilashinsu ƙarƙashin madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, sai a tarar narkakken gilashin ya rabu gida biyu a wuta, kamar mai da ruwa: ƙananan ɗigo na wani gilashi sun watsu cikin wani, kowanne bai kai tsawon zangon haske ba. Su ke warwatsa shuɗin haske su dawo da shi ga ido. Ƙarfen da ke cikin shafen yana ƙara nasa launi, tagulla kuma ita ke barin tabon shunayya.

A korayen kwanukan Longquan na Zhejiang lamarin ya sha bamban. Can kumfar iska ce da ɓurɓushin yashin da bai gama narkewa ba suke tare haske, shi ya sa shafen ke da zurfi da taushi a ido. W. David Kingery da Pamela Vandiver sun yi bayanin irin wannan tsari a littafinsu Ceramic Masterpieces na 1986.

Inda nake ja da dillalan kayan tarihi shi ne da'awar cewa kumfar nan tana faɗin shekarun kwano. Girmanta da yawanta sun dogara ne ga kaurin shafe, da zafin da ya kai wajen digiri 1,200 zuwa 1,300, da daɗewar kwano a wuta, har da kusurwar da aka ajiye shi a matoya. Kwano biyu da suka fito daga gashi ɗaya suna iya saɓawa. Wanda ya san sirrin wuta a yau kuwa yana iya kwaikwayon yawancin waɗannan alamun, kuma akwai abin da zai sa shi: a 2017 Sotheby's ta sayar da wani ɗan tsohon kwano na nau'in Ru a Hong Kong kan dalar Amurka miliyan 37.7.

Madubi yana nuna yadda aka gasa kwano. Maganar yaushe aka gasa shi sai an gwada shi da gutsattsarin da aka tono a matoyar asali, irin ta Qingliangsi inda aka yi Ru, ko a ɗebi ɗan garin yumɓun gindinsa a zafafa shi a auna hasken da zai fitar, wanda ke nuna tsawon lokacin da ya wuce tun ranar da ya bar wuta.