Ciwon Yau da Gobe: Daga Gammon Fatake zuwa Takardar Diyya

 Kafin mu shiga zance, ɗan'uwa, ɗaga hannunka ka kai shi bayan wuya. In ka ji kafaɗa ta amsa, ko ka tuna da ƙugun nan da ke hana ka miƙewa da asuba, to da kai muke. Kai mai jan guga a bakin rijiya har garke ya ƙoshi, kai mai lodin buhu a kasuwar Arzeke ta Paraku, ke mai tallan nono da wagashi a Jugu, duk zancenku ne. Akwai ciwon da ba faɗuwa ta kawo shi ba, ba tunkuyin sa ba, ba haɗarin mota ba. Aiki ɗaya ne ake ta maimaitawa, shekara da shekaru, har jijiya ta kumbura, yatsu su riƙa mutuwa da dare, baya ya ƙi lanƙwasuwa. Mu kira shi ciwon yau da gobe. Tambayarmu ɗaya ce: in aiki ya cinye jikin mutum a hankali, wa ke biya?

Wannan hanya tamu ta daɗe tana cin jiki. Tun kafin Bature ya zo, fatake ke tasowa daga Kano da Sakkwato, su ratsa ƙasar Bargu, su yi zango a Nikki ko Paraku, su sauka unguwar Wangara ta Jugu, wadda tsofaffi ke ce wa Zugu, sannan su nufi Salaga a ƙasar Gwanja don sayen goro. A 1826 wani Baturen Ingila, Clapperton, ya tarar da irin wannan ayari a Kayama, mutum wajen dubu, maza da mata, suna komawa ƙasar Hausa. Madugu na shugabantar ayari, jakai da takarkarai na biye, amma kaya mai yawa a kan mutane yake, bisa gammo, kuma da yawan masu ɗaukar bayi ne. Tafiyar watanni ce. In wuyan ɗan alaro ya sage, ba alƙalin da zai kai wa ƙara. Diyya da aka sani ta raunin da wani ya yi wa wani ce. Wanda kaya ya gajiyar kuwa, sai dai tausayin maigida, ko sadakar mutanen zango.

Da Faransa ta kama Dahomi, kayan bai ragu ba, mai shi ne ya sake. Aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kwatano, ta iso Paraku a 1936, kilomita 438, nan kuma ta tsaya. Da aikin tilas aka yi yawancin hanyoyin wancan zamani, ba a kuwa soke shi ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Tsayawar jirgi a Paraku ita ta mai da garin wurin sauke da lodi. A shekarun 1950 aka tsara jigilar gyaɗar Nijar da manyan motoci, ta Gaya da Malanbil zuwa Paraku, daga nan a zuba ta a jirgi. A 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta wannan jigila, wadda daga baya aka sani da OCBN. Kowane buhu da ya sauka daga mota ya hau tarago, a bayan wani ɗan dako ya bi.

To, ina doka a duk wannan? A can Faransa, tun 9 ga Afrilu 1898 aka yi dokar da ta ɗora wa mai kamfani biyan ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, ko da ba laifin mai kamfanin ba ne. A 1919 aka ƙara da cututtukan sana'a, aka fara da gubar dalma da ta zaiba. Nan yankinmu sai 1932 aka kawo wani guntun tsari, shi ma galibi masu aiki da inji ya shafa. Sai da ma'aikata suka tashi tsaye. Daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948 ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma ta Faransa suka yi yajin aiki na fiye da wata biyar, har da na layin Dahomi. Bayan haka aka samu kundin dokar aiki na 15 ga Disamba 1952, sannan dokar 24 ga Fabrairu 1957 kan diyyar haɗarin aiki da cututtukan sana'a.

Amma ka lura da abu ɗaya. Doka ta fi gane raunin da ke da rana da shaida: ran kaza ƙarfe ya faɗo, ga jini, ga waɗanda suka gani. Ciwon yau da gobe ba shi da rana. Ba wai likitoci ba su san shi ba. Tun 1700 wani likitan Italiya, Ramazzini, ya rubuta littafi kan cututtukan masu sana'a, ya kuma shawarci likita da ya tambayi majinyaci aikin da yake yi. Duk da haka Faransa ba ta sa ciwon gaɓoɓi na maimaita motsi cikin jerin cututtukan da ake biya ba sai 1972, shi ma da gwiwa aka fara, ciwon baya na ɗaukar kaya mai nauyi kuwa sai 1999. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara a 1967 cewa kada namiji baligi ya ɗauki fiye da kilo 55 shi kaɗai, a 2002 kuma ta sa ciwon jijiya da gaɓoɓi cikin jerinta. Yanzu ka tuna buhun masara mai kilo 100 da ka ga yaro ya saɓa jiya a tasha.

A Benin ta yau, asusun CNSS ke riƙe da wannan sha'ani, bisa dokar 21 ga Maris 2003. Mai kamfani ne kaɗai ke zuba kuɗin haɗarin aiki, daga kashi 1 zuwa 4 cikin ɗari na albashi, gwargwadon haɗarin sana'ar, ba a cire shi daga kuɗin ma'aikaci. In rauni ya auku, wajibi ne mai kamfani ya kai rahoto cikin awa 48. Asusun na biyan magani, da kuɗin kwanakin jinya, da wani kaso in nakasa ta zauna. Nijar ma tana da nata CNSS, Najeriya kuma ta yi sabuwar dokar diyyar ma'aikata a 2010, hukumar NSITF ke kula da ita. Sai dai duk ƙofofin nan da mabuɗi ɗaya ake buɗe su: sai an rubuta sunanka a matsayin ma'aikacin wani. Direban kamfani da ma'aikacin injin gurzar auduga na iya shiga. Ɗan dako da ake sallama kowace yamma, da yaron mota, da makiyayin da ke kiwon dabbobin wani, yawancinsu a waje suke, kamar ɗan alaron zamanin madugu. Shirin ARCH da gwamnati ta fara gwadawa a 2019, har da yankin Jugu, inshorar magani ce ga marasa ƙarfi, ba diyyar aiki ba ce.

Don haka ga abin da za ka ɗauka daga wannan tarihi. In albashi kake karɓa, tambayi maigidanka lambarka ta CNSS tun kana da lafiya, ka adana takardar biya ko da guda ce. In ciwon ya fara, kada ka tsaya ga shafe-shafe da ƙwayar bakin tasha. Je asibiti, ka gaya wa likita ainihin aikinka, sau nawa a yini, shekara nawa, ka roƙe shi ya rubuta da kwanan wata. Ciwon da ba shi da rana, takardar likita ce ke yi masa rana. Bayan haka ka je ofishin CNSS ko wurin sufeton ƙwadago a Paraku, ka tambaya ko ciwonka na cikin jerin da ake biya. In kuwa ba ka da rajista, to ƙungiyarku ta kasuwa ko ta makiyaya ita ce madogara: ku ware asusun jinya daban da na biki, ku kuma yi magana da murya ɗaya a kan nauyin buhu.

Kai ma Alhaji mai kaya, da kai mai garke, ba mu bar ku a baya ba. Raba buhu biyu, sayen kura ko baro, sa wa rijiya gargaro, duk ba su kai kuɗin saniya ɗaya ba. Hausawa sun ce jiki magayi. Yaron da ke yi maka lodi yau yana da shekara ashirin, jikinsa zai ba da labarinka in ya kai hamsin.