Kare Fatar Yara da Matasa Daga Zafin Rana a Yankin Giyawa

A yankinmu na Giyawa da sauran garuruwan Goronyo, Wurno da Rabah, zafin bazara yakan wuce digiri 40 daga watan Maris zuwa Mayu. A wannan lokaci ne yaranmu da matasanmu ke wuni a fadamun kogin Rima wajen noman rani, ko a daji wajen kiwo.

Baƙar fata tana ɗauke da sinadarin melanin da ke rage illar hasken rana, amma ba ya kawar da ita baki ɗaya. Saboda haka muna shawartar iyaye da su sama wa yara malafa da tufa mai dogon hannu, su kuma rage musu aiki a fili tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 4 na yamma. Jaririn da bai kai wata 6 ba kada a bar shi cikin rana.

Yaran da Aka Haifa Zabiya

Fatarsu tana da ƙarancin melanin ƙwarai, don haka sankarar fata ta fi yi musu barazana. Suna bukatar malafa mai faɗi da man kariyar rana mai lambar SPF 30 ko sama da haka, a sake shafawa duk bayan awa 2. Gyambon da ya ƙi warkewa a kai shi asibiti da wuri; Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato na duba irin wannan.

Zaɓen Man Shafawa

Man bilicin yana rage wannan kariya da aka haife mu da ita. Wasu irinsa na ɗauke da zaiba, wadda ke lalata ƙoda. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Kafin sayen mai ko sabulu, a duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar amfaninsa, a guji haɗin da ba shi da suna. Man kaɗanya na hana bushewar fata, sai dai ba ya maye gurbin malafa.

Muna kira ga hakimai, masu unguwanni da shugabannin makarantu da su dasa itatuwan inuwa, su kuma isar da wannan bayani ga jama'arsu kafin shigowar bazara.