Larry Gelbart (1928-2009): Marubucin Raha a Rediyo, Talabijin da Dandamali

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa manazarta wasan kwaikwayo sukan mayar da hankali ga ɗan wasa, su manta da wanda ya sa masa magana a baki. Wannan maƙala za ta waiwayi ɗaya daga cikin irin waɗannan marubuta, wato Larry Gelbart na ƙasar Amurka.

2.0 Tasowarsa

An haife shi a Shikago a 1928. Mahaifinsa mai aski ne, kuma ta bakinsa ne ɗan barkwancin nan Danny Thomas ya ji labarin yaron. Yana ɗan shekara 16 ya fara rubuta wa shirin Thomas na rediyo raha; daga baya ya yi wa Bob Hope da Sid Caesar aiki.

3.0 Ayyukansa

Abin da zai fi jan hankalin masu nazarin harshe shi ne wasan waƙe-waƙe na 1962, A Funny Thing Happened on the Way to the Forum, wanda suka rubuta da Burt Shevelove, Stephen Sondheim kuma ya tsara waƙoƙin. Daga wasannin Plautus na Latin, masu shekara fiye da 2,000, suka tsamo bawa mai wayo da tsoho mai budurwar zuciya, suka sa musu bakin mutanen New York. A ganina wannan ya wuce fassara, domin salon barkwancin suka ɗauko, kalmomin kuwa suka ƙera nasu.

A 1972 ya tsara wa talabijin shirin M*A*S*H, labarin likitocin soja a yaƙin Koriya, alhali yaƙin Biyetnam bai ƙare ba. Mai kallo ya san inda aka dosa. Ya yi jayayya da tashar CBS kan dariyar da ake naɗa a saka wa shiri, har aka yarda a cire ta daga fitowar ɗakin tiyata. A 1975 ya kashe Kanar Henry Blake, tauraron da jama'a ke ƙauna, wasiƙun fushi suka yi ta kwararowa. Ya bar shirin a 1976.

A sinima, Oh, God! (1977) da Tootsie (1982) sun kai shi takarar Oscar, bai samu ba. Dandamali ne ya fi saka masa: City of Angels na 1989 ya kawo masa lambar Tony a 1990. Ya rasu a watan Satumba na 2009.