Wayar Malami da Koyar da Harshe a Kudancin Kano

A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, da haɗin gwiwar UNICEF da Microsoft, ta ƙaddamar da dandalin karatu na intanet mai suna Nigeria Learning Passport, wanda ke ɗauke da darussa cikin Turanci da Hausa da Ibo da Yarbanci. Aiki ne abin yabo. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: wa zai riƙe wayar? A ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ɗan aji uku na firamare da ke ƙauyukan bakin dam ɗin Tiga ko gefen dajin Falgore ba shi da waya, ta mahaifinsa kuwa tana gona ko kasuwa. Wanda ke zuwa makaranta da babbar waya a aljihu shi ne malami. Saboda haka nake ganin duk wani tsarin koyar da harshe ta intanet a wannan yanki ya kamata ya faro daga malami, ya kuma fifita murya a kan rubutu.

Hujjar tana cikin harsunan kansu. Rubutun bokon Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Mai karatu ne ke cike giɓin da abin da kunnensa ya riga ya sani. Turanci kuwa rubutunsa daban, furucinsa daban. Malamin da ya koyi Turanci daga allo, a hannun wanda shi ma daga allo ya koya, zai ci gaba da gauraya sautin p da f, ɗalibansa su gada. Littafi ba ya gyara wannan. Saƙon murya na minti biyu a zauren WhatsApp na malamai, wanda gwani ya karanta darasin gobe a ciki, yana iya gyarawa, domin ana saurarensa a maimaita, ana kuma mayar da nasa karatun a ji inda ya kuskure.

An ma taɓa gwada makamancin haka a jihar Kano. Da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020, shirin koyar da karatu da lissafi na KaLMA da ke aiki a lokacin a Wudil da Dawakin Tofa ya koma ga rediyo da saƙon tes da saƙon murya don karatu ya isa gidaje.

Za a ce ai babu sabis, babu wuta, data kuma ta yi tsada. Gaskiya ne, amma yankin ya daɗe da samun mafita. Masu turi a kasuwanni irin ta Kwanar Dangora suna sauke fina-finai da waƙoƙi da wa'azi sau ɗaya, su loda wa jama'a a katin waya. Hanyar da ta kai fim rugar Fulani za ta kai darasin karatu.

Doguwa tana da buƙata ta musamman, kuma ita ta fi damuna. Akwai 'ya'yan Fulani da na Kurama da ba Hausa ce harshen gidansu ba, Turanci kuma na uku ne a gare su. Google Translate ya shigar da Hausa tun 2013, ko da yake fassararsa na buƙatar idon malami. Ƙananan harsuna irin na Kurama kuwa abin da ke intanet nasu bai taka kara ya karya ba. A nan malami shi ne zai samar da kayan aikin: ya naɗi tatsuniya daga bakin tsohuwa a harshenta, ya biyo ta da Hausa, sannan da sassauƙan Turanci.

Wannan aiki yana buƙatar horo. Ya dace Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso da hukumar ilimin bai-ɗaya ta Kano, wato SUBEB, su koya wa malamai naɗar sauti mai tsabta da rubuta ɓ da ɗ da ƙ a waya, a kuma sa kuɗin data cikin kasafin kowace makaranta kamar yadda ake sa na alli.