Takunkumin Nijar da idon kyamara

Ranar 30 ga Yuli, 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi a taron Abuja. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take tura wa maƙwabciyarta.

A makonnin farko, abin da manyan tashoshin talabijin na Legas da Abuja suka fi haskawa shi ne zaurukan taro: shugabanni a Abuja, hafsoshin soja a Akara. Dalilin a fili yake. Taro yana da rana da wuri da mai jawabi, shi kuwa takunkumi a hankali yake ci, kamar gara. An dai nuna jerin motocin da suka maƙale a Jibiya da Illela, amma ina kyamarar da za ta bi sawun buhun masara daga gonakin Ƙaraye da Rogo zuwa kasuwar Dawanau, inda fataken Maraɗi suka daina zuwa?

Labarin ya fara juyawa ne da aka samu fuskokin da edita ba zai iya kau da kai daga gare su ba. Ranar 9 ga Agusta, Muhammadu Sanusi II ya gana da Janar Abdourahamane Tiani a Yamai, sannan tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta bi baya. A Fabrairun 2024 Janar Yakubu Gowon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ECOWAS a 1975, ya fito fili ya roƙi a janye takunkumin. Ranar 24 ga watan aka sassauta shi, a Maris kuma Najeriya ta buɗe iyakarta.

Ba talabijin kaɗai ta kawo wannan ba, amma darasin yana nan. Ƙorafin cewa "an manta da mu" ba ya motsa ɗakin labarai. Ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa da ke son a ji ta, sai ta kai wa wakilin tasha a Kano abu huɗu: mutumin da zai yi magana da sunansa, wurin ɗaukar hoto, farashin jiya da na yau a rubuce, da ranar da ta dace da wani taron hukuma. Ta fara da ARTV ko Trust TV kafin ta nufi Legas. Kukan da ba shi da hoto, iyakarsa bakin kasuwa.